Hular Sarki ta Kwali

Muna ajin ƙarshe a sakandare a Kafanchan malamar adabi ta ce za mu yi wasan littafin jarrabawarmu a gaban iyaye. Labarin wani jarumi ne da son mulki ya sa ya ci amanar sarkinsa, ya hau gadon sarauta, daga nan bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ni kuwa tun da na ga hular sarkin da aka yanka da kwali na ƙudurta a kaina za ta zauna.

Matsalata ita ce abokina ɗan Fadan Kagoma, wanda muke ci a kwano ɗaya. Ya fi ni murya, ya fi ni hadda, kuma shi malama ta zaɓa ya fito a jarumin. Da ya je gida ran Juma'a, sai na lallaɓa wurinta da fuskar tausayi, na ce babansa ya riƙe shi haƙar citta har sati uku. Kowa ya san in citta ta nuna a Kagoma ba a barin hannu zaune, don haka ba ta ko yi tambaya ba. Ta miƙo mini hular.

Ran Litinin sai ga shi. Malama ta so ta mayar masa, ya ce a bar ni, shi zai ja labule. Ni ne ma na fara kauce masa, na raba kwano, na riƙa hararar duk wanda ya yi dariya kusa da ni. Kunya ce ke cina, amma a lokacin na ɗauka sarauta ce.

Ranar wasa, daidai inda jarumin ke nadama, kaina ya ɗauke ƙaf. Iyaye sun zuba ido, gumi ya jiƙa kwalin. Sai na ji ana raɗa mini magana daga bayan labule, layi bayan layi, har na kai ƙarshe. Na san muryar.

Da aka watse na same shi yana naɗe labule, na ce, "Ni na yi maka ƙarya."

"Na sani tun Monde," in ji shi da irin Hausarsu ta Kagoma. "Amma ka iya aktin fa! Malama ya yarda da kai wan taim."

Na tuɓe hular na miƙa masa, ta rabe biyu a hannunsa. Muka yi ta dariya, ni har da hawayen da ba na dariya ba. Da aka buga ƙararrawar abinci, ya turo kwanonsa gabana.