Baba Emeka Ba Zai Kwanta a Kano Ba

Da safen nan Ngozi ta kira ni tana kuka. Babanta ya rasu. Baba Emeka mai gyaran rediyo na unguwar Bata.



Tun ina ɗaliba nake fakewa a rumfarsa in ruwan sama ya tare ni. Zai turo min benci ya ce, "Zauna 'yata, boko ba zai gudu ba." Ranar da wayata ta faɗa kwata, shi ya naɗe hannun riga ya ciro ta.

A Sabon Gari aka haife shi. Yaƙin basasa ya kori iyalinsu, suka dawo a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa sayen rediyo da babur. Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Kwanakin baya kulob ɗinmu na karatu da ke haɗuwa a unguwar Kwaciri ya ɗauki wani ƙagaggen labari kan iyalin da suka dawo Sabon Gari a wancan zamanin. Shugabanmu ya ce a gayyato Baba. Ya zo da farar riga a goge, sai murna yake.

A littafin, maƙwabci ne ya miƙa musu makullin gidansu yana hawaye. Baba ya ce ya san waɗanda aka yi wa haka, Allah Ya saka da alheri. Amma su wani suka tarar a gidansu. Mahaifinsa ɗaki ɗaya ya kama haya a gidan da ya gina da hannunsa, kuma a nan ya mutu.

Bai rufe baki ba shugaban ya katse shi. "Baba, adabi muke yi, ba tonon tsohon ciwo ba. Baƙon da aka karɓa hannu biyu, godiya ce tasa."

Wata ta tambaye shi yaushe zai koma gida. Aka yi dariya, aka sa shi tsakiya aka ɗauki hoton selfi.

Ni da shugaban ba ma gaisawa tun ranar.

Ganinmu na ƙarshe da Baba, yana tsugune kan wata tsohuwar rediyo. Ya ce, "Wane gida, 'yata? Babana yana maƙabartarmu ta nan. Kusa da shi zan kwanta, na gaya wa Ngozi. In ya so su biyo ni can su kore ni."

To, an kore shi.

Danginsa na ƙauye sun bugo waya, wai a al'adarsu ba a barin namiji a ƙasar baƙunta. Ngozi ta roƙa har muryarta ta dishe, aka ce mace ba ta da baki a maganar gawa. Za a kai shi garin da ko hanyar kasuwarsa bai sani ba.

Yanzu kuma na ga kulob ya ɗora hoton nan, wai "mun yi rashin babban baƙonmu". Ku ji kunya ku sauke shi.

Allah Ka san inda bawanKa ya so ya kwanta. Ka ba Ngozi haƙuri, Ka kai su lafiya a wannan doguwar hanya. Don Allah ku sa ta a addu'a. A gidan gaban motar gawa za ta zauna, ita za ta raka shi inda ya ce kada a kai shi.