Naira Ɗayar da Aka Liƙa wa Mai Kalangu

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da taubashina ya yi liƙi a Panshekara.

Tare muke aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Mutum ne mai hankali, sai dai yana da ciwo ɗaya: tara tsofaffin takardun kuɗi waɗanda aka yi kuskure wajen buga su. Wadda lambarta ta karkace, wadda launinta ya zuba, duk yana da su. Amma abar alfaharinsa wata tsohuwar naira ɗaya ce, gabanta lafiya lau, bayanta fari fat. Ya daɗe yana lallaɓa wani tsohon direba a Bompai kafin ya sayar masa. Ni kuwa, da yake abokin wasana ne, kullum sai na tambaye shi yaushe zai mayar da ita a ƙarasa masa bugun.

Ranar bikin wani abokin aikinmu, ya zaro ta daga ledarta ya jefa a aljihu, wai zai nuna wa wani da ya ƙaryata shi. Aljihun nan kuwa a ciki kuɗin liƙinsa suke.

Mai kalangu ya hango shi cikin babbar riga, ya shiga wasa shi. Kan mutumina ya kumbura. Ya faɗa fili yana zarowa yana mannawa a goshin makaɗi har aljihu ya ƙare. Sai da ya dawo ya zauna ya laluba, na ga gumi ya karyo masa.

"Ta tafi," ya raɗa min.

"Allah ya ba ka haƙuri," na ce, ina danne dariya.

Kowa ya sani, abin da aka liƙa ba a dawowa karɓarsa, abin kunya ne. Muna cikin haka kiɗa ya tsaya. Mai kalangu ya ɗaga takardar yana jujjuya ta.

"Jama'a, wane Alhajin ne ya liƙa min kuɗin da ba a gama bugawa ba? Ya fito, ko in yaga ta yanzu!"

Fili ya kaure da dariya. Na tabbata mutumina zai yi shiru ya tsira da mutuncinsa. Kawai sai na ga ya zabura, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Malam, don girman Allah kada ka yaga! Tawa ce!"

"To, Alhaji, sai ka fanshe ta da rawa."

Mutumin da ko gyaɗa kai bai iya ba ya zagaye filin nan yana tsalle kamar ɗan akuya, mata na guɗa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma da ya karɓe ta, ya ɗora a cinya yana miƙar da ita a hankali, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Ranar na gane cewa wanda yake son abu da gaske ba ya tsoron a yi masa dariya a kai. Tsokana dai ban daina ba, amma ledar da naira ɗayar take ciki yanzu ni na sayo masa.