Tarwaɗar Aƙilu Mai Yasa

Duk wanda ya girma a Kusfa kafin famfo ya shiga lungu-lungu ya san Aƙilu mai yasar rijiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum a ƙanƙance, don rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta. In ruwan gida ya fara wari, ko guga ya tsinke, ko akuya ta faɗa, shi ake aika wa. In ya gama aiki kuma ba ya tafiya sai ya ba da shawarar da ya gada wurin mahaifinsa: a samo 'yar tarwaɗa a jefa, ta riƙa cinye tsutsa. Iyakar saninsa da kifi ke nan. Masu tsokana kan ce shi ma kifin rijiya ne, tunda ko Kaduna bai taɓa zuwa ba. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ai ba a kama kifin rijiya da koma.

Tasa tarwaɗar, mahaifin nasa ne ya jefa ta a rijiyar gidansu a shekarar da ya rasu. Ba ta yi wani girma ba, ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Aƙilu yana son ta, ba ya kuma jin kunyar faɗa. In ya sauka yasa, takan zo ta goga masa gashin bakinta a ƙafa. Matarsa Sailuba kan ce ita dai ba ta taɓa ganin magidancin da zai leƙa rijiya ya yi sallama ba sai nata.

Sai farin saba'in da uku ya zo. Rijiyar ta yi ta ja baya, Aƙilu na binta da haƙa, har ya zama babu abin da ke fitowa sai taɓo. Ya tallabo tarwaɗar ya sa ta a bokiti. Ruwan bokiti kuwa ba ya wuni bai gurɓace ba, ga shi sai an je nesa ake samo na sha. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don yana ganin amanar mahaifinsa za ta mutu a hannunsa.

Ana cikin haka aka ce maƙwabcinsu Malam Jalo, wanda yake aikin akawu a Samaru, ya kawo wani abin mamaki. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa akwatin gilashi cike da ruwa, da ɗan inji mai hura kumfa, da wasu ƙananan kifaye jajaye masu jela kamar mayafi. Aƙilu ya je ya tsuguna a gaban akwatin, ya ƙura wa kifayen ido.

"Malam, sai sun kai yaya ake ci?"

"Ba a ci, Baba Aƙilu. Golfish sunansu. Na kallo ne."

"To wane aiki suke yi wa ruwan?"

"Babu. Mu ne ma muke yi musu. Da jarka nake ɗauko musu ruwa daga ofis."

Abin ya ɗaure wa Aƙilu kai. A duniyar da ya sani, kifi ko dai ya yi aiki ko ya shiga miya. Ga wasu nan ba aiki ba miya, an kuma ajiye su a ɗakin baƙi. Amma ruwa dai ya ga ruwa, garau da shi. Sai ya gyara murya, ya roƙi a ba tarwaɗarsa masauki zuwa faɗuwar damina.

Malam Jalo ya sosa ƙeya. Shi ma sabon shiga ne. Ya ce Baturen ya yi masa wani bayani kan kifin da ake haɗawa da wanda ba a haɗawa, amma ta hanci yake magana, bai kama komai ba. "Kana ganin za su zauna lafiya?"

"Haba Malam! Shekara da shekaru ina tare da baiwar Allahn nan, ban taɓa ganin ta yi faɗa da kowa ba. Na tsaya mata."

Gaskiya ya faɗa, Allah ya sani. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne, babu kowa a rijiyar da za ta yi faɗan da shi.

Tarwaɗa ta shiga, ta kwanta a ƙasa kamar takalmin da aka yar. Jajayen suka yi ta shawagi a kanta. Aƙilu ya koma gida da farin ciki, yana gaya wa Sailuba har an saba.

Ba a jima ba Malam Jalo ya ga kamar kifayen sun ragu. Aka ɗora wa kyanwa laifi, aka rufe akwatin da faifai. Suka ƙara raguwa. Aƙilu ya ce ko akwatin yana da ido ne a ƙasa irin na rijiya, suna bi suna fita? Aka ɗaga duwatsun ciki ɗaya bayan ɗaya, ba ido ba dalilinsa. Wani tsoho ya ce kifin Turawa ba ya jure zafin Zazzau, narkewa yake yi. Aƙilu ya kusa yarda da wannan. Abin da ya ƙara rikita shi, ga tasa tana ta ƙiba tana sheƙi, har ya yaba wa ruwan Samaru.

Ran nan da hantsi, su biyun suna tsugune suna shawarar ko a nemo malami ya yi tofi, sai tarwaɗar ta ɗago a hankali, ta buɗe baki, ta rufe. 'Yar jar jela ta ɗan yi rawa a gefen bakinta, sannan ta shige. Ta koma ta kwanta abinta.

Aƙilu ya dubi Malam Jalo, ya dubi akwatin. Kunya ta rufe shi, amma ruɗewa ta fi kunyar yawa. "Malam, wallahi ba halinta ba ne," in ji shi.

"Ba komai, Baba. Sai dai guda biyu suka rage."

Ya ɗauke ta a bokiti ya bi gari. Gidajen da ya yi wa yasa shekara da shekaru, wasu rijiyarsu ta ƙafe, wasu ɗan abin da ya rage ba ya kai guga. Can wajen Ƙofar Gayan ya samu wata rijiya mai ruwa, da tata tarwaɗar ƙarama a ciki, wadda shi ya ce a jefa. Maigidan ya ce ba laifi, in dai za su zauna lafiya. Aƙilu ya buɗe baki zai ce ya tsaya mata, maganar ta ƙi fita. Ya yi godiya ya ɗauki bokitinsa.

Ya iso gida da la'asar, ruwan ya koma kamar kunu, tarwaɗar na ɗago kai tana haɗiyar iska. Sailuba ta leƙa, ta dube shi da tausayi.

"Malam, ba za ta kai gobe ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Gidan nan kuma an manta rabonsa da nama."

Ya ajiye bokitin a ƙofar madafa ya fita zaure, ya zauna yana jin ƙarar dakan yaji.

Da aka kawo tuwo ya yi niyyar ya ci gaya, amma yunwar shekarar ba ta san niyya ba. Ya tsoma loma a miya, hawaye na bin fuskarsa. Har ƙarshen rayuwarsa, in ana hirar farin nan, Aƙilu kan ce ya haƙura da bai san halinta ba. Abin da ya kasa ganewa, ya kuma kasa yafe wa kansa, shi ne miyar ta yi daɗi, har ya nemi ƙari.