Mai Neman Littafi Mai Gudu

Ran kasuwar Belbeji, wani makiyayi yana tsugune gaban tabarmar Lawali mai tsofaffin littattafai. Dogo ne, ramamme, shunin rawani ya rine masa kunci. Yana ɗaukar littafi yana jinjinawa, ya buɗe tsakiya ya leƙa kamar mai duba haƙoran raƙumi. A juye yake riƙe da shi.

"Malam, wanda ke gudu nake so," in ji shi. "Ɗana Agali ya tsani makarantar boko. Mushe, malaminsu, ya ce ya iya karatu, so ne ba ya yi."

Ina jin farin da ya wuce ne ya cinye masa garke, shi ya sa ya ƙwallafa rai ga karatun yaron.

Lawali ya zaro wani mai yagaggen bango, yana karanta Faransancin yana mayarwa Hausa: samari biyu sun bi sawun ɓarayin raƙuma, ɗaya ya shiga rijiya ya ɓuya, sai igiya ta tsinke. Makiyayin yana ta matsowa, rawani ya zame daga bakinsa bai ma sani ba.

"Tsaya nan!" Ya karɓe littafin, ya cusa a jakar shayinsa.

"Baba, ba ka son jin ko ya fito?"

"Ina so mana. Zan je in ce wa Agali na baro yaro cikin rijiya, in ba shi ba, babu mai fito da shi."