Buhun Malamin Lissafi

Duk faɗin ƙasar Daura, daga bakin Kusugu har ka dangana da Zango, ban jin an taɓa haihuwar mai gane marar gaskiya kamata. Ni ba sai an kawo mini shaida ba. Daga yadda mutum ya kafa hularsa nake sanin ko ya sami asuba a jam'i, daga tarinsa kuma nake sanin abin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Haka nake faɗa a majalisa, kuma ban ga ranar dainawa ba. Abu ɗaya ne kawai yake sa in sassauta murya, wato ƙarar ƙofar shago ta ƙarfe idan an turo ta da safe, wannan ƙiiii ɗin da ke shiga har haƙori. Da na ji ta sai in ga kaina ina ɗan shekara goma sha uku, a laɓe bayan dalbejiya, tururuwa na cin rabonta a ƙafata.

Lokacin ne ake ta shirin ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Wanda bai ga wannan zamani ba ba zai gane irin zumuɗin da aka yi ba. Samarin da ba su da ko gashi ɗaya a haɓa sun fara shafa ta suna gyaɗa kai. Teburin mai shayi ya koma wurin ba da fatawa. Baffana, autan su mahaifina, wanda a da sai kakata ta kwara masa ruwa yake tashi sallar asuba, ya shiga cikin samari 'yan sa-kai masu lura da tarbiyyar unguwa. Ni kuwa na naɗa kaina ɗan leƙen asirinsa, ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

A ƙarshen layinmu, daf da titi, akwai shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Ya fi shekara goma sha biyar a nan, har 'ya'yansa sun fi ni iya zagi da Hausa. Da labarin tashin hankalin da aka yi a wasu manyan garuruwa ya iso, sai hankalinsa ya tashi. A unguwarmu ko kallon banza ba wanda ya yi masa, amma wata safiya ta tsakiyar bazara muka tashi muka ga shago a garƙame, an ce ya kwashe iyali sun shiga motar kudu. Tun daga ranar baffana ya sami sabuwar hanyar zuwa masallaci, ta gaban shagon nan. Yakan tsaya ya taka faɗinsa da ƙafa, ɗaya, biyu, uku, ya ce wuri kamar wannan da kaset ɗin wa'azi ya dace. Ina biye da shi ina cewa gaskiya ne, Baffa. Ku riƙe wannan, don ni mai gane mutane ban riƙe ba.

Wanda idona yake kai shi ne malamin lissafi. Mutumin Pakistan ne, cikin waɗanda gwamnati ta ɗauko su koyar a sakandare tun kafin a haife ni. 'Yan uwansa duk sun koma gida, shi ya zauna, don matarsa ta rasu a nan, kabarinta na maƙabartar gari. Dogo ne siriri, gemunsa ja jawur da lalle, kullum yana sahun farko bayan kakana, wanda shi ne limamin masallacin unguwa. Idan ka wuce ƙofar gidansa da hantsi ƙamshin shayi mai madara da citta ne zai tare ka. Yakan tara mu a tabarma ya koya mana raba dogon lissafi kyauta, in ka ci ya ba ka dabino.

To me ya sa na zarge shi? Ranar da aka cika motoci za a tafi babban taron goyon bayan shari'a, har kan rufin mota mutane ne, shi bai je ba. Baffana ya tare shi ya ce, "Malam, kai da ƙasarku don Musulunci aka kafa ta, ai kai ya kamata ka riƙe mana tuta."

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Allah Ya sa a fara lafiya a gama lafiya, ɗana. Ni na taɓa ganin farko."

Na taɓa ganin farko! Na kwana uku ina juya wannan magana. Ga shi kuma yana sauraron rediyo da wani yare mai kama da ana zuba tsakuwa a kwano. Na ce lallai akwai wanda yake aika wa rahoto.

Sai ga abin da ya fi wannan. Wata safiya kakata ta aike ni sayen koko, na hango shi a bakin shagon ɗan Ibon, ya ciro mabuɗi daga aljihu. Ƙiiii, ya wangale ƙofa gaba ɗaya. Ya shiga, ya jima, ya fito ya zauna a benci yana amsa gaisuwar masu tafiya sharar gona. Wani ɗan acaɓa ya tsaya neman fulogi, ya ce masa ba ya sayarwa. Can ya rufe, ya saɓa wani tsohon buhun shinkafa a kafaɗa ya nufi bayan gari. Na ce a raina, wannan ɓarawo ya yi karatu. Ya san wanda ya buɗe ƙofa a idon jama'a ba a zarginsa.

Kwana shida ina bayan dalbejiya, kokon kakata na hucewa a hannuna. Kullum buhu. Rana ta shida har na ji ƙarfe ya yi ƙara a ciki. Da na kai wa baffana rahoto, buhu ɗaya ya zama uku, ƙarar ƙarfe ta zama rabin injin babur. Idonsa ya yi haske. Ya ce, "Wa ya shaida an ba shi mabuɗi? Babu. To yanzu ba da ba ce."

Washegari da hantsi baffana da abokansa uku suka tare malamin a bakin layi, buhu na kafaɗarsa. Kafin ka ce me, mutane sun taru. Baffana ya ɗaga murya yana cewa a tafi gaban alƙali, dukiyar wanda ba ya nan ake kwasa. Wani daga baya ya ce, "Yanke hannu ne fa!" Ni duk a tunanina za a yi ta yabona ne a ce yaron nan akwai ido. Ban taɓa kawo hannu a raina ba. Na dubi hannun daman malamin da ke riƙe da bakin buhu, yatsun nan dogaye masu ba mu dabino. Fuskarsa ta yi fari fat, idonsa kuma ba mu yake kallo ba, kamar yana kallon wani taro daban a bayanmu.

Allah Ya kawo kakana, yana tafe yana jan carbi. Aka dare masa. Ya ji bayani har ƙarshe bai katse kowa ba, sannan ya ce, "Wa ya gani da idonsa?"

Baffana ya turo ni gaba.

"Au, abokina ne? To, mai ido, buɗe da hannunka."

Na kwance bakin buhun na zazzage. Ƙura ta tashi, sai yanar gizo, sai kashin ɓera ya kai mudu guda, sai tarko na ƙarfe, sai ɓeraye biyu matattu, ɗaya ma ya fara wari. Wallahi na ƙara girgiza buhun, ko Allah zai sa fulogi ko ɗaya ya faɗo ya rufa mini asiri. Ba abin da ya faɗo sai wani ɓawon gyaɗa.

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Kakana ya kama hannun malamin, hannun nan dai, ya ja shi zauren gidanmu, ya ce duk wanda ya tsaya kallo ya shigo ya zauna. Aka kawo ruwa. Sai da malamin ya sha ya huce, sannan kakana ya ce, "Malam, ka yafe mana. Amma mabuɗi kawai aka ba ka ajiya, me ya kai ka shara kullum?"

Abin da ya ba mu labari ban taɓa mantawa ba, ko da yake a lokacin kaina na ƙasa. Ya ce yana ɗan shekara takwas Turawa suka bar ƙasarsu, aka raba ta biyu, aka ce ga ɓangaren Musulmi. Garinsu ya faɗa ɗaya ɓangaren. Mahaifinsa ya rufe gida, ya miƙa wa maƙwabcinsa mabuɗi, mutumin da ba Musulmi ba ne amma tare suka tashi, ya ce masa wata ɗaya za su yi su dawo idan ƙura ta lafa. Suka bi ayari a ƙasa, wasu sun isa, wasu ba su isa ba. Ƙanwar malamin tana cikin waɗanda ba su isa ba. Bai ƙara komai a kan wannan ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ya ce sun isa sabuwar ƙasa suna kabbara, suka tarar ƙasar ma kamar su take, ba ta da komai. Mahaifinsa malamin ofis ne, ya sami ofis ba kujera, a kan akwatin katako ake zama, takardun gwamnati kuma da ƙaya ake haɗa su don ba allura. Bayan watanni a tanti aka nuna musu wani gida aka ce su shiga, masu shi sun gudu wancan ɓangaren. An riga an fasa kwaɗon. A madafa suka tarar da ƙullu ya bushe a kwano, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar gida. Mahaifiyarsa ta wanke kwanon ta kife shi a kan katanga, har ta rasu ba ta yarda an ci abinci a cikinsa ba, wai masu shi za su zo.

"Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo daga maƙwabcinmu," in ji shi. "Ya ce mabuɗi na nan a wurinsa, ko tsatsa bai yi ba. Amma gidan, da mutane suka ga sati uku ba a buɗe ba, sai suka fasa suka shiga. Yana neman gafara. Liman, mutanen da suka shiga gidanmu ba ɓarayi ba ne, kamar yadda mu ma ba ɓarayi ba ne. Ƙofa ce kawai suka gani a rufe. Shi ya sa da wannan bawan Allah mai shago ya ƙwanƙwasa mini da asuba ya ba ni mabuɗi, na ce wannan ƙofa kullum sai an ji ƙararta."

Kakana ya juya ya dubi baffana ya ce, "An ce mini taku nawa ne faɗin shagon? Na ji kai ka auna." Baffana ya shiga neman takalminsa, alhali suna ƙafarsa.

Ni kuwa hukuncina bai je gaban alƙali ba. Kakana ya ce tunda ina da ido, to a ƙara mini da tsintsiya. Tun daga ranar har ruwa ya sauka, gero ya yi kai, aka yi girbi, ni ne mai share shagon kowace safiya, malamin yana zaune a benci da kofin shayinsa yana ba ni lissafi da ka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi bulala ciwo. Kakata ce dai ba ta raga mini ba. In na dawo sai ta ce, "Sannu da zuwa, maigida, yau mutum nawa aka kama?"

Da kaka ɗan Ibon ya dawo shi kaɗai, don ya ga abin da ya rage. Ya sauka daga mota ya hango ƙofarsa a wangale, ga ni da tsintsiya. Ya shiga ya dudduba, ya fito ya zauna a ƙasa a gaban malamin ya rufe fuska da hannu biyu. Bayan sati biyu ya je ya ɗauko iyalinsa.

Yau malamin yana kwance kusa da matarsa, kakana ma ya bi su. An sare dalbejiyar an yi shagon cajin waya a wurin. Yaran yanzu in ka ce musu mutanen Pakistan sun taɓa koyarwa a garin nan sai su ɗauka cikin ƙarin gishirina ne. Unguwa ta cika da gidaje masu dogayen katangu, maƙwabcinka zai yi wata uku ba ya nan ba ka sani ba, balle a ba ka mabuɗi. Shagon ɗan Ibon dai yana nan, ɗansa ne a ciki, shi kuma tsohon yana zama a bencin nan da furfurarsa.

Kwanan baya na kai babur ɗina gyara, na tarar da majalisa ta cika a gaban shagon, sai na shiga ba su labarin baiwar da Allah Ya yi mini ta gane marar gaskiya. Wani yaro ya fara musu. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, kar ka musa wa Alhaji. Ni shaida ne, ya taɓa kama ɓarayi biyu a shagon nan. Sai dai ya same su a mace, kuma kowanne da wutsiyarsa."