Kaset Ɗin da Ba Ya Son Sabon Batir

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan. Amma ranar da aka kaɗa waƙar babana a wani ɗakin taro a Kuala Lumpur, wannan da ita za a binne ni.

Ni ban yi boko ba. Tuwo nake tuƙawa a unguwar Pantai Dalam, ɗalibanmu 'yan Arewa su ci a nan ko su yi tapau, wato a ƙunshe musu, su tafi da shi ɗaki. Kafin nan na yi wanke-wanke a gidajen mutane a Jidda, na ga abin da na gani. Duk inda na je, abu ɗaya ne ba ya barin jakata, wani tsohon kaset.

Babana makaɗin kukuma ne. Da innata ta rasu ya daina zuwa biki, ya zauna a zaure ya yi mata waƙa guda. Ba ta rawa ba ce. Takunta irin na masu dawowa daga maƙabarta ne, muryarsa kuma can ƙasa. Ni na ɗauke ta ina budurwa, da rikodar maƙwabcinmu. Batiran sun kusa mutuwa, sai da na shanya su a rana na ciccije su sannan suka ja. Shi ya sa in ka sa kaset ɗin da sabon batir, sai ka ji babana yana gudu, muryarsa ta sirance kamar ta yaro. Sai da batirin da ya gaji yake dawowa kansa. Shekara da shekaru ina tsintar batiran da mutane suka zubar, don in ji ubana.

Damshin garin nan, da ko takalmi ka ajiye sai ya yi fumfuna, shi ya kashe mini rikodar. Na kai ta wani kedai, wato shago, a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, mai gyaran ya juya ta ya ce, "Tak boleh lah, anti." Wato ba ta gyaruwa.

Cikin masu cin tuwona akwai wani Bakano, magidanci, yana digiri na uku a kan kiɗa. Abokansa kullum tsokanarsa suke, wai gwamnati ta hau da shi jirgi ya zo koyon roƙo. Yana goga gogen Turawa a wata ƙungiyar makaɗa. Ya ce mini aikinsu shi ne kaɗa tsofaffin kiɗe-kiɗen Turai yadda masu su suka kaɗa su. A da, in ji shi, tsirkiyarsu ta hanjin dabba ce, ba a ɗaure ta tamau kamar yanzu, sautin ya fi sauka, kuma kowane kiɗa da irin takunsa.

"Mama," ya ce, "yawancin abin da ake kaɗawa yau, da masu shi za su tashi, ba za su gane kayansu ba."

Maganar ta shige ni. Na ce a raina, ga wanda ya san haƙƙin mamaci. Na ɗauko kaset na ba shi ya juye mini a waya, na ce, "Amma sai da mataccen batir." Ya yi dariya ya ce, "Mama, kwamfuta ba ta aiki da batirin tocila." Ni ma na yi dariya. Yau in na tuna wannan dariyar, ɗaci nake ji a bakina.

Ya dawo da labari biyu. Na baƙin ciki: zaren kaset ya ruɓe, ana gama juyewa ya tsinke. Sai kuma na murna: shugaban makaɗansu ya ji waƙar, yana so su kaɗa ta a gaban jama'a, daidai yadda mai ita ya yi. Na ce to. Wa zai ƙi a ɗaga ubansa?

Ranar gwaji na kai musu abinci. Ɗaki cike da makaɗa, Malayawa da 'yan Sin da Indiyawa. Wata ta busa sauti guda, kowa ya ɗaure tsirkiyarsa a kai. Shugaban dattijo ne mai furfura da 'yar sanda, a gefensa wani abu yana ƙas-ƙas kamar agogo, shi ke ba su taku. Ya ɗaga sanda, suka kwasa. Waƙar babana ce, na gane ta, amma kamar an sa mata wuta a gindi.

Na ajiye kula na ce, "Wa ke bin ku?"

Bakanon ya taso da sauri. "Mama, a hankali."

"Su za ka gaya wa a hankali. Wannan ta mutuwa ce. Su sassauta, su sauko."

Ya juya ya yi wa dattijon Turanci. Dattijon ya saurara, ya dube ni da tausayi, ya yi magana mai tsawo. Ban tsani komai ba kamar wannan tausayin.

Bakanon ya fassara mini: "Ya ce sun auna kaset ɗin, saurin da sautin duk daga can suka ɗauko. Ya ce mutum in ya yi rashi, yakan tuna abu a hankali fiye da yadda yake. Kaset shi ne shaida."

"Ni da na riƙe rikodar fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ko a wurin Turawan akwai wannan rigimar, Mama. Wani babban mai kiɗansu na da, wasu na cewa abin awonsa, irin mai ƙas-ƙas ɗin can, shi ne ya lalace, shi ya sa kiɗansa ke gudu. Shi dai Baban nan yana ɓangaren masu bin awo."

"To agogon Bature yana iya lalacewa, rikodar maƙwabcinmu ce ba ta lalacewa?"

Wannan bai fassara ba. Ya sauke murya ya ce, "Mama, ba zan iya rubuta mataccen batir a digirina ba. Ki yi haƙuri a wuce wannan."

Ranar taron na je, na sa atamfata mai kyau. Aka sanar cewa ga wata waƙa daga ƙasar Hausa, yadda mai ita ya kaɗa ta. Suka fara. Ɗalibanmu da ke baya suka ɗauki tafi, kafaɗu na motsi. Matar wani ta rangaɗa guɗa. Guɗa, a kan gawar innata! Ban yi kuka ba, na daina wannan tun a Jidda. Na zauna na shanye kiɗan har ƙarshe.

Bayan Bakanon ya ƙare digirinsa, ya zo da kwamfutarsa wata la'asar, ya durƙusa a bakin kicin. "Mama, ki yafe mini. Yanzu zan riƙa saukar da ita kaɗan-kaɗan. In na zo daidai, ki ce in tsaya."

Ya kunna, ya ja ta ƙasa. Muryar yaron nan ta fara kauri, takun ya lafa. "Nan ne?" Na ce ya ƙara. Ya ƙara. "Nan fa?" Na ce ya koma baya. Ya koma. Ko'ina ya tsaya, sai in ji kamar babana ne, kuma kamar wani ne. Na rufe ido na nemi zauren nan, na nemi muryar da na yi ta goyo daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba abin da na samu sai tafi da guɗa.

"Mama, ina zan tsaya?"

Na ce, "Rufe. Ci tuwonka."

Ya koma gida, an ce yana koyarwa. Ni ina nan, waƙar tana cikin wayata, ba na kunnawa. Abin da na koya ke nan: kunne ba shi da ƙyaure. In aka tashi kaɗa maka abinka a karkace, kada ka ce bari in daure a wuce wurin. Tashi ka fita. Abin da ka zauna ka saurara, shi zai bi ka gida ya kori wanda ya tarar.