Zanen marigayi da na goge da hannuna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu kwamfutar da za ta gagare ni tsakanin Nguru da Gashua, na yi wani aiki da ban cika son a tuna min da shi ba. Yau dai ni zan tuna wa kaina, ku kuma ku saurara.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Nguru. Shekara biyu kenan da maigidana, wanda ya koya min sana'ar, ya yaye ni. Ban daɗe da sayen wata 'yar na'ura da muke kira firogirama ba, kuma tun da na saye ta kaina ya kumbura. Ko matsalar laftof ɗinka caja ce, sai na san yadda na yi na fito da ita daga jaka don ka gani.

Ina da aboki tela a Gashua, tare muka yi makarantar kwana. Shi da yayansa suke da shago, da injin aiki irin na kwamfuta, wanda ake zana aikin wuya da na aljihu a laftof a tura masa, shi kuma ya ɗinka a kan shadda. Yayan ne mai zanen. Ba ya sayen na kasuwa, nasa yake ƙirƙira, har ta kai in ka ga babbar riga a wurin ɗaurin aure a Jakusko ko Yusufari za ka gane hannunsa. A wannan sana'a zane shi ne sunan shago, kuma satarsa ba wuya, kana juya baya wani zai soka filashi ya kwashe. Shi ya sa bai yarda ya ajiye zanensa a ko'ina ba sai cikin laftof ɗinsa guda ɗaya. In za a yi aiki ya sa zane ɗaya a filashi, injin ya karɓa, shi kuma ya goge na filashin.

Allah ya yi wa yayan rasuwa bayan gajeriyar jinya. Abokina ya ci gaba da aiki da laftof ɗin wata da watanni, tunda ya san lambar da ake shiga da ita. Sai cikin azumi, saura kwana goma sha biyu Sallah, ya kira ni.

"Mutumina, laftof ɗin Yaya ta ƙi tashi. Tana kunnuwa sai ta tsaya, tana neman wani fasuwod da ban taɓa gani ba."

"Wanda ka saba sawa fa?"

"Ta ƙi shi. Na sa sunayen 'ya'yansa, na sa lambar wayarsa, har matarsa na sa aka tambaya. In na yi sau uku sai ta mutu."

"Kar ka ƙara taɓa ta," na ce. "Gobe ina tafe. Aikin minti talatin ne."

Ban ga laftof ba, ban san ciwonta ba, amma har na yanke mata lokaci. Haka nake a wancan zamanin.

Da hantsi na sauka Gashua. Shagon cike yake da shaddojin mutane a jere, kowacce da takardar awo a maƙale, injin kuma shiru. Ina buɗe laftof ɗin na gane abin da ya faru. Akwai ɗan ƙaramin batir kamar kwabo a jikin bod, wato allon da komai na kwamfuta yake manne a kansa. Shi ke riƙe agogo da saiti, kuma ya mutu. Saitin ya rikice, kwamfutar ta ce ba za ta wuce ba sai an shiga bayos an gyara. Bayos shi ne ɗan shirin da yake fara tashi kafin komai, shi yake tashin sauran. Marigayi kuwa ya sa masa lambar sirri ta daban, ya tafi da ita.

Ba kowace kwamfuta mai kulle nake taɓawa ba, don wata ta sata ce. Wannan na san asalinta, ni na raka marigayi Kano ya saye ta. Na canza batirin, na yi dabarar da muka saba a tsofaffin kwamfutoci ta cire wuta gaba ɗaya a jira. Ba ta yi ba. A irin waɗannan, lambar tana zaune ne cikin wani ɗan ƙanƙanin abu a jikin bod da muke kira aisi, mai ƙafa takwas, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma ba ruwansa da batir. Hanya ɗaya ta rage: a kama ƙafafunsa da ɗan matsi da muke kira kilif, firogirama ta karanto abin da ke ciki, a gyara, a mayar. Abin da nake jira kenan. Na zaro na'urata ina murmushi.

Sai dai ban taɓa yin irin wannan bod ɗin ba, don haka na kira maigidana, na sa wayar a bainar kowa don a ji da wa nake hulɗa.

"Ranka ya daɗe, ina Gashua, ga irin bod ɗin da ke gabana."

"Na san shi," ya ce. "Ina da fayil ɗinsa mai tsabta, ba fasuwod. Ga shi nan na turo maka. Ka karanta nata tukuna ka ajiye."

Na cire babban batir, na maƙala kilif, na danna. Aka ɗauki 'yan mintuna, na'ura ta ce ta gama. Na ajiye fayil ɗin a tawa laftof ɗin.

"Ka karanta?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"To yi sauri ka goge ka zuba nawa, ina da mutane a gabana."

A nan ne fa. Ƙa'idar aikin na san ta sarai: ana karantawa sau uku, a gwada su, in ba su zo iri ɗaya ba to kilif bai zauna ba. Na kuma san kilif ɗina yana da ƙafa ɗaya mai sassauci. Amma mutumin da ya riƙe ni shekara biyar, wanda ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba, yana kan layi yana jirana. In ce masa ya ƙara min minti goma? Sai na ji kamar ina cewa ban yarda da fayil ɗinsa ba. Ga abokina a kaina, ga masu ɗinki biyu sun leƙo suna kallon ikon Allah. Kunya ta kama ni ta gefe ɗaya, son burgewa ta ɗaya gefen. Na danna goge.

Na zuba fayil ɗin maigida, na haɗa, na kunna. Ta tashi. Babu fasuwod. Ɗaya daga cikin masu ɗinkin ya ce, "Kai, Nguru akwai mutane!" Na yi kamar ban ji ba, alhali har cikin raina na ji. Na yi wa maigida godiya ya kashe waya, na gyara saiti, na sake kunnawa.

Sai ga allo shuɗi, yana neman wasu lambobi arba'in da takwas.

Nan take na san ma'anarsa. Marigayi bai tsaya ga kulle bayos ba, ya kulle ma'ajiyar kwamfutar gaba ɗaya, inda zanukan suke. A irin wannan bod ɗin, makullin ma'ajiyar yana ɓoye cikin wannan ɗan aisin da na goge. Da na gyara wurin fasuwod kawai a cikin fayil ɗinta na asali na mayar, da makullin yana nan. Ni kuwa na share gida duka na zuba kayan wani.

"Ba komai," na ce wa abokina, muryata ba daɗi. "Na ajiye nata. Mayarwa zan yi."

Na buɗe fayil ɗin da na ajiye. Farkonsa lafiya. Ina gangarawa, daga tsakiya har ƙarshe babu komai, harafi ɗaya ne yake ta maimaita kansa. Kilif ya zame ana cikin karatu, na'urar kuma ba ta da bakin gaya min.

Gaskiya zan faɗa, na yi tunanin ƙarya. Babu wanda ya san abin da nake kallo a shagon nan sai ni. Ina iya cewa mutuwar batirin ce ta jawo, kowa zai ce ƙaddara, a yi min godiya ma. Na kai minti biyu ina jujjuya sukudireba. Daga baya na ce masu ɗinkin su ɗan ba mu wuri.

"Zanen Yaya yana ciki, amma ba zai buɗu ba," na ce. "Makullinsa na goge da hannuna. Da na yi haƙuri na minti goma da hakan ba ta faru ba."

Ya dube ni, ya dubi allon. Na so ya zage ni. Sai cewa ya yi, "Tattara kusoshin nan kar su ɓace." Da yamma ya hana ni komawa Nguru, ya ce sai na sha ruwa a gidansu. Mahaifiyarsa ta aiko da kunu da ƙosai tana sa min albarka, wai na baro shagona saboda ɗanta. Na ci kaina a sunkuye.

Mun nemi lambobin nan arba'in da takwas. Muka zazzage akwatin takardun marigayi, ba su. Wataƙila suna cikin imel ɗinsa, amma layin wayar da ya buɗe shi da shi an riga an ba wani. Na ɗauki rabin fayil ɗin har Kano wurin waɗanda suka fi ni, suka duba suka ce rabin da ake buƙata shi ne wanda babu. Da na je na gaya wa maigidana, bai ɗaga murya ba.

"Sau nawa na koya maka a karanta?"

"Sau uku, ranka ya daɗe. Amma ka ce in yi sauri."

"Da ka ce min 'dakata', zan ci ka ne? Kai ne a gaban bod ɗin, ni ina Nguru. Ka ma tambayi me ke cikin kwamfutar?"

Ban tambaya ba.

Abin da ya fitar da abokina kunyar Sallah shi ne wasu zanuka 'yan kaɗan da suka saura a cikin injin. Da su ya yi wa kowa aiki, shekarar nan samarin Gashua da yawa suka fito da wuya iri ɗaya.

Bayan Sallah ya kira ni. Na ɗauka maganar kwamfuta ce. Ya ce a'a, rakiya yake so. Ya yanke shawarar bin mutanen da yayansa ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, ya ari rigunansu, ya ɗauki hoto, ya ƙirga zare, ya sake zanawa. Duk Lahadi na riƙa rufe shago ina zuwa. Muka shiga akori-kura zuwa Jakusko, muka ture mota a yashin Yusufari. Aikina riƙe riga a miƙe cikin rana yana ɗauka, ni da nake taƙama da firogirama.

A Yusufari wani dattijo ya tarbe mu da sannun Barebari, "Wushe, wushe," ya shiga ɗaki ya fito da babbar riga a naɗe cikin zani, tana ƙamshin turare.

"Yayanka ya yi min ita shekarar da na sauke farali," ya ce. "Ɗana, ka tafi da ita. In ka gama ka kawo, in ba ka gama ba ka riƙe. Ai hannunsa ne."

A haka, cikin shekara ɗaya da wani abu, ya dawo da mafi yawansu. Har na fara gaya wa kaina cewa asarar ta zo da sauƙi.

Tun daga ranar aikina ya canza. Kafin in kwance kusa ɗaya sai na zaunar da mai kwamfuta na tambaye shi me ke ciki, a kulle yake ko a buɗe, akwai kwafinsa a wani wuri. Ina duba ƙarfin wutar da aisin yake ɗauka, don wasu ƙarami suke so, in ka ba su babba sun ƙone. In kilif ya yi min gardama sai in ciro aisin daga bod in karanta shi a hannu. Sau uku nake karantawa, in gwada, in buɗe in gani da idona, in ajiye a wuri biyu. Fayil ɗin wani kuwa, ko na wane ne, sai dai in duba in koyi wurin gyara, nata na asali nake gyarawa in mayar. Kuma ba na aikin nan da waya a kunne. Ko maigida ne ya kira, sai in ce, "Ranka ya daɗe, zan kira ka." Bai taɓa jin haushi ba.

Shekara uku bayan haka abokina ya yi aure. Muka taru ƙofar gidan surukansa bayan sallar Juma'a, kowa ya ci ado, rabin rigunan wurin daga shagonsa suka fito. Sai ga ango da farar shadda fili, babu aiki ko na zare ɗaya a wuyanta. Ni da bakina da ba ya shiru, na matsa kusa da shi na ce, "Haba ango, mai injin aiki guda, ka rasa zanen da za ka sa wa rigarka?"

Ya yi murmushi, ya rage murya.

"Yaya ya zana min na yau tun kafin ya kwanta. Ya ce ba zan gani ba sai ranar ta zo. Shi kaɗai ne ba a taɓa ɗinka wa kowa ba, babu rigar da zan aro."

Bai taɓa gaya min ba sai ranar, kuma da ban tambaya ba da har yau ban sani ba. Aka ce a yi fatiha, na ɗaga hannu tare da kowa.

Muna nan tare har yanzu, ni nake gyara masa kwamfutocin shago. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Amma duk lokacin da na maƙala kilif na danna karatu na biyu, wannan farar rigar nake gani.